Tashin Zuciya Ba Ciwon Zuciya Ba Ne

Yau labarin wata kalma guda zan ba ku, wadda na fassara ba daidai ba ina 'yar shekara 12, da abin da ta jawo wa mahaifiyata, da yadda ta sa na zauna na koyi Turancin asibiti tun daga tushe. Na san da yawa daga cikinmu da aka haifa a nan Ingila ko Amurka mun yi wa iyayenmu tafinta tun ba mu gama sanin ciwon kanmu ba, saboda haka ina jin wasu za su ga kansu a ciki.

A Manchesta aka haife ni, a nan na yi makaranta, yanzu kuma ina shekara ta uku a jami'a ina karatun harhaɗa magunguna. Abba direban bas ne, yawanci kafin mu tashi ya fita. Umma kuwa daga Katsina aka kawo ta, ta yi firamare da Islamiyya, Turancinta na cefane ne da gaisawa da maƙwabta. Duk takardar da aka zuro ta ƙofa, in Abba ba ya nan, ni ce mai karantawa. Ni kuwa a lokacin gani nake babu abin da ya gagare ni a Turanci, tunda da shi nake mafarki, da shi nake faɗa da ƙannena.

Wajen watan Mayu na 2015 Umma ta fara ƙorafin rashin jin daɗi in ta ci abinci. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka samo mata ganin likitan unguwa, wanda ake kira GP. Ranar Abba yana aiki, sai aka ce in raka ta bayan an tashi daga makaranta. Na tafi da kayan makaranta a jikina, ina ta jin kaina wata babba.

Waɗanda ke zaune a nan sun san minti goma ake ba mutum. Likita ya tambayi abin da ke damunta. Umma ta juyo ta ce min, "Ummi, ki ce masa zuciyata ke tashi, kuma nan wajen yana yi min ciwo." Ta ɗan dafa jikinta ta cikin hijabi, ni ban ma kula da inda ta dafa ba. Kalmar zuciya kawai na ji na riƙe. Na dubi likita na ce masa, "Her heart is coming up, and it hurts." Wato zuciyarta tana tasowa sama kuma tana ciwo.

Nan take na ga fuskarsa ta canja. Ya auna jininta, ya saurari ƙirjinta, ya sa aka yi mata gwajin bugun zuciya, wanda ake liƙa wa mutum wayoyi a ƙirji. Sakamako ya fito zuciya lafiya lau, sai dai jinin ya ɗan hau. Aka ba ta shawarar rage gishiri, aka ce ta dawo in abin ya ci gaba. Muka taho gida ina murna, har ina gaya wa Abba cewa likita ya ce Umma ba ta da komai.

Ba na ganin laifin likitan. Duk wanda aka ce masa mace mai shekara arba'in da wani abu tana jin ciwo a zuciya, dole ya fara da zuciyar, kuma daga baya na koya a aji cewa tashin zuciya da amai suna iya zama alamar bugun zuciya, musamman ga mata. Matsalar ita ce abin da Umma ta faɗa daban, abin da ya isa kunnensa daban. Tashin zuciya a Hausa shi ne jin kamar za ka yi amai. Turancinsa na asibiti "nausea", na gida kuma "feeling sick". Ni na san "feeling sick" sarai, kullum muna faɗa a makaranta. Ban taɓa sanin shi ne tashin zuciya ba.

Wata huɗu Umma tana fama. In ciwon ya taso sai ta sha ruwan zafi da kanwa ta kwanta, ta ce ai likita ya ce ba komai. Sai ga Babbar Sallah a watan Satumba. Abba ya karɓo naman layya daga wurin mahauci, Umma da ƙawayenta suka wuni suna suya, aka ci aka sha. Cikin dare muka ji ta tana nishi. Ta dunƙule a ƙasa tana riƙe da gefen dama, ƙasan haƙarƙari, tana cewa ciwon har kafaɗarta yake tafiya. Da asuba ya lafa, ta hana a kira kowa. Bayan kwana biyu wata ƙawarta da muke kira Anti ta zo, ta dube ta da kyau, ta ja fatar idonta ƙasa, ta ce, "Innalillahi, ai wannan shawara ce!" Ni ina tsaye ina jiran in ji shawarar da za ta bayar. Ashe shawara ciwo ce, wato idan farin ido da fata suka koma ruwan ɗorawa. Turawa suna ce mata "jaundice". Ka ga a cikin shekara guda kalmomi biyu na harshen uwata sun kayar da ni.

Abba ya bar aiki ya kai ta asibiti, ni ma na bi. A nan ne na gane Turancin da nake taƙama da shi bai wuce ƙofar ɗakin jira ba. Wata nas ta tambayi ko Umma ta "opened her bowels", na tsaya ina kallonta, don ban san tambaya take ko ta yi bayan gida ba. Ta tambayi launin "stool" ɗinta, ni kuwa "stool" ɗin da na sani kujera ce 'yar tsugune. Ta ce yaya "passing water", na ɗauka ruwa take so a miƙo. Aka rataya wani allo a kan gadon an rubuta "nil by mouth", wato kada a ba ta ci ko sha. Abba kansa, da ya shekara ashirin yana magana da fasinjoji, sai gyaɗa kai yake yi. Da aka ɗauki hoton ciki likita ya zo ya ce akwai duwatsu a "gallbladder", ɗaya ya gangaro ya toshe hanya. Umma ta dube ni ta ce, "Ummi, me ya ce?" Na ce, "Ya ce akwai dutse a mafitsararki." Don "bladder" kawai na sani.

Allah ya taimake mu, wata likita ta lura da yadda nake in-ina. Ta ce a dakata, ta sa aka kira tafinta ta waya. Wani dattijo ne, daga jin Hausarsa mutumin Sakkwato ne. Ya gaishe da Umma a mutunce, sannan ya ce, "Hajiya, matsarmama ce. Wasu na ce mata maɗaciya. Wadda ke liƙe da hanta." Wallahi kafin ya rufe baki Umma ta gane. Ta ce, "Koriyar nan da ake yankewa a hankali don kar ta fashe ta ɓata nama?" Ya ce ita fa. Sai ta yi tambayar da ni ba zan taɓa tunaninta ba: "To in an cire ta mutum zai rayu?" Likita ta yi bayani, dattijo ya fassara: hanta ce ke yin ruwan ɗacin, matsarmama ajiye shi kawai take yi, ta matso shi cikin hanji idan an ci abu mai maiƙo. Shi ya sa ciwon ke tashi bayan soyayyen nama. In an cire ta, ruwan zai riƙa zuba kai tsaye daga hanta zuwa hanji. A gaban dattijon ne kuma, cikin jin kunya, Umma ta faɗi cewa fitsarinta ya yi duhu, bayan gidanta ya yi fari, alamun da ke nuna hanyar ruwan ɗacin ta toshe. Ta kwana biyu tana gani, amma ba maganar da za ta yi da bakin 'yarta ba ce.

Aka zura mata na'ura ta baki aka fitar da dutsen da ya toshe hanya, bayan 'yan makonni aka cire matsarmamar ta 'yan ƙananan huji a ciki. Ta warke sumul. Ni ce ban warke ba. Kullum ina lissafin wata huɗun nan, ina cewa da na faɗi kalmar daidai, da likita ya danna cikinta tun a watan Mayu.

Takardar sallama da aka ba mu tana ɗauke da wata kalma mai harafi 15, "cholecystectomy". Na kai wa malamar kimiyya a makarantarmu na ce ta karanta min. Maimakon ta karanta sai ta ɗauki biro ta raba ta gida uku. Ta ce "chole" ruwan ɗaci ne, "cyst" jaka ce, "ectomy" kuma yankewa a cire. Cire jakar ruwan ɗaci ke nan. Ta ce min yawancin kalmomin asibiti daga Girkanci da Latin aka samo su, domin da Latin malaman Turai suka daɗe suna rubuta ilimi, har littafin Andreas Vesalius na 1543 kan ginin jikin ɗan Adam da shi aka rubuta. Ta ce su kansu 'ya'yan Turawa koyon su suke yi kamar baƙon harshe. Wannan maganar ta sanyaya min rai ba kaɗan ba.

Daga ranar na sayi littafin rubutu na raba kowane shafi gida uku: Turancin likita, Turancin titi, da Hausar Umma. Na fara da guntayen da ake haɗa kalmomin da su. "Hepat" hanta, "nephr" ƙoda, "cardi" zuciya, "gastr" tumbi, "derm" fata. "Itis" kumburi, "aemia" abin da ya shafi jini. Da ka riƙe waɗannan sai ka ga "hepatitis" kumburin hanta ne, "gastritis" kumburin tumbi, "anaemia" ƙarancin jini. Na gano ƙoda ɗaya sunaye uku gare ta a asibiti: mara lafiya ya ce "kidney", a takarda a rubuta "renal" daga Latin, sashen masu kula da ita kuma "nephrology" daga Girkanci. Na kuma koyi tsoron wasu tagwaye, "hyper" da "hypo". Na farko yawa, na biyu ƙaranci, a baki kuma kusan ɗaya suke. Ga mai ciwon suga bambancinsu babba ne, domin wanda sugansa ya faɗi ƙasa da 4 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, abu mai zaƙi yake bukata nan take.

Gida na uku, na Hausa, shi ya fi ba ni wuya, don babu inda zan duba sai bakin Umma. Ita kuma ba a aji ta koyi jiki ba, a tsakar gida ta koya, wajen gyaran kayan ciki. A hutun 2018 muka je Katsina, Babbar Sallah ta same mu a can a watan Agusta. Da Kawu ya feɗe rago, Umma ta kira ni ta ce in tsuguna kusa da ita. Ta riƙa ɗagowa ɗaya bayan ɗaya: ga huhu, ga zuciya, ga hanta, ga saifa, ga ƙoda, ga tumbi, ga hanji. Sannan ta juya hantar ta nuna min wata 'yar jaka koriya, ta ce, "Ga abokiyar taki." Ta sa wuƙa ta zare ta a hankali ta jefar. 'Yan uwana suna ta dariya wai 'yar Ingila tana rubutu a kan rago. Ni kuwa a ranar na fara ganin abin da na shekara uku ina haddace sunansa.

Da na shiga jami'a na ƙara ganin inda harsunan biyu ba su haɗu ba. Akwai wuraren da Hausa ke da kalma ɗaya, Turancin asibiti yana da huɗu. Jijiya ita ce babban misali: wadda ke ɗaukar jini daga zuciya "artery", wadda ke mayar da shi "vein", wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka "nerve", wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi "tendon". In tsohuwa ta ce jijiya ke damunta, sai ka tambaya wacce, a ina, yaya take ji. Haka ciki: yana iya zama tumbi, ko hanji, ko mara, ko ma juna biyu. Sanyi kuwa kada ma a yi magana, don wani mura yake nufi, wani ciwon gaɓoɓi, mace kuma wataƙila ciwon mara da fitar ruwa take nufi tana sakayawa. In ka ce wa likita "cold" ka kai shi wani gari daban. Su ma Turawan suna da irin tasu: "heartburn" babu ruwansa da zuciya, ƙwannafi ne.

Amma akwai inda Hausa ta fi Turancina wadata, kuma a daidai inda likita ya fi bukata. Kullum sai sun tambayi wane irin ciwo ne. Mu da muka tashi a nan sai mu ce "pain" mu yi shiru. Iyayenmu kuwa ba haka suke magana ba. Za su ce yana suka, ko yana zugi, ko yana raɗaɗi, ko ciki yana murɗawa, ko kai yana sarawa. Kowanne da Turancinsa: suka "stabbing", zugi "throbbing", raɗaɗi "burning" ko "stinging", murɗa "cramping". Kowanne kuma yana iya karkata hankalin likita zuwa wani waje. In uwa ta zaɓo kalma ta faɗa, ɗa ya dunƙule ta ya ce "pain", ya zubar da rabin bayanin a hanya.

Sai kuma kalmomin da muke ji kullum, muna zaton mun san su, alhali a asibiti ma'anarsu daban. Bara wata baiwar Allah da muke haɗuwa a wajen biki ta nuna min takarda a waya tana fara'a, ta ce ɗanta ya karanta ya ce sakamako ya yi kyau, tunda an rubuta "positive". Gwajin ciwon hanta nau'in B ne. A makaranta "positive" yabo ne, a takardar gwaji kuwa yana nufin an ga abin da ake nema. Na ja ta gefe na ce lallai ta koma wurin likita, ta nemi tafinta, don wannan ciwo yana da yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma, yana iya shekaru bai nuna alama ba, kuma akwai kulawar da ake yi masa. Haka "chronic": mutane suna ɗauka mai tsanani ake nufi, alhali mai daɗewa ne. Haka "trait" a maganar sikila: mai AS yana ɗauke da ita ne kawai, mai SS shi ne mai ciwon, kuma in AS biyu suka yi aure, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Irin wannan bayani in ya karkace a bakin mai fassara, aure ake ɗaurawa a kansa.

Abin da ban sani ba a 2015 shi ne tun farko bai kamata a ce ni ce a wannan kujerar ba. A tsarin lafiya na NHS mara lafiya yana iya neman tafinta, kuma ba ya biyan ko kwabo. A 2018 hukumar NHS ta Ingila ta fitar da ƙa'ida ga asibitocin unguwa cewa kada a sa yaron da bai kai shekara 16 ba ya yi fassara, sai in gaggawa ce ta tilasta. Iyayenmu da yawa ba su sani ba, wasu kuma suna tsoron kada tafintan ya zama ɗan gari ya kai labari. Ana iya neman mace, ana iya neman ta waya, kuma aikinsu ya ɗora musu riƙe sirri. Tun lokacin da ake karɓar ranar ganin likita ake faɗa, a ce Hausa ake so.

Duk da haka na san ba za mu daina raka iyayenmu ba, kuma tafintan Hausa ba kullum ake samu a kan kari ba. To ga abin da ni dai nake yi yanzu. Kafin mu fita sai in zaunar da Umma ta gaya min komai da Hausa, in rubuta, in nemo Turancin tun a gida. In ta ce "nan", sai in ce ta nuna wa likita da hannunta, in yi shiru. In ta faɗi kalmar da ban tabbata ba, ba na ƙirƙira, sai in ce wa likita ban san Turancin wannan ba, bari in tambaye ta yadda take ji. In likita ya faɗi tasa, in ce ya rubuta min, ya kuma faɗe ta da Turancin gida. Kafin mu tashi kuma sai Umma ta maimaita min abin da ta fahimta, musamman yadda za ta sha magani, in mayar wa likita ya tabbatar. In maganar ta mata ce ko ta bayan gida, sai in ce a kira tafinta, ni in fita waje.

Sai da na kai shekara 19 na iya gaya wa Umma abin da na ce wa likita a ranar farko. Muna kicin tana yanka albasa, na daure na faɗa mata duka, har da wata huɗun da nake lissafawa. Ta ajiye wuƙa ta dube ni ta ce, "Yo ke kika sa min dutsen?" Na ce a'a. Ta ce, "To ni da na ɗauki 'yar shekara sha biyu na kai ta gaban likita, wa zan ba laifi? Miƙo min tumatir." Daga baya can ta ce in ɗauko littafin nawa, akwai kalmar da ta tuna ban rubuta ba. Hajijiya ce. Muka yi ta gardama ko ɗaya take da jiri, ita ta ce jiri ka ji kamar za ka faɗi, hajijiya kuwa ɗakin ne ke juyawa da kai. Na duba littafin makaranta na ga su ma likitoci sun raba su haka, na biyun shi suke kira "vertigo".

Littafin yanzu ya kai na uku, kuma har yau gidan Hausa ne ya fi yawan gurbin da ba a cike ba. Wanda duk iyayensa ko kakanninsa ke kusa, ya tambaye su sunayen nan tun suna da lafiya, kada ya bari sai an hau gadon asibiti. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wani jiƙon.